Garantin Motata da Hancin Encik Shamsuri

Daga:
Hajiya Rosnani binti Mat Jusoh,
Ƙauyen Ulu Gali, Raub, Jihar Pahang.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Kare Haƙƙin Masu Saye,
Kuantan, Jihar Pahang.

14 ga Yuli, 2025

Game da: Soke garantin motata da Kamfanin Motoci na Seri Lembayung ya yi saboda ƙamshin duriyan

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan aiki na tafiya lafiya, ni ce mai suna a sama, manomiyar duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya a jiki da ƙamshi mai ƙarfi da ba ya saurin barin wuri, nake kawo kukana gabanka cikin ladabi.

A ranar 1 ga Agusta, 2022, na sayi babbar jif ta alfarma a hannun kamfanin da na ambata, reshensa na Kuala Lumpur, da garantin shekara uku wanda zai ƙare ranar 31 ga wannan wata. Ban saye ta don a gan ni ba, ko da yake an gan ni. Na saye ta ne saboda mahaifiyata, Hajiya Mek Som, mai shekara tamanin da uku, wadda gwiwoyinta suka daina hawa komai. Mai sayarwa ya danna wani maɓalli, motar ta saki iska ta durƙusa, tsohuwa ta shiga da ƙafarta babu wanda ya kama ta. Ta gyara zama ta ce, "Wannan ta samu tarbiyya. Biya su." Na biya.

Ga ƙorafina bi da bi:

1. Ina roƙon a shaida cewa ni ba mai yawan ƙorafi ba ce. Batirin motar nan yakan mutu idan ta kwana biyu ba a tashe ta ba. Ta yi yoyon baƙin mai a harabar masallaci. Ƙofar but ɗinta, wadda aka ce tana buɗewa idan mutum ya zura ƙafa a ƙarƙashi, ba ta bambanta ƙafata da agwagin maƙwabta, duk wadda ta gifta sai ta buɗe mata. Fitilar gaba guda ɗaya da ta fashe, abin da na biya ya isa sayen sabon babur. Duk na haƙura, domin mahaifiyata na jin daɗin motar.

2. A ranar Asabar, 21 ga Yuni, muka kama hanyar Bentong. A gidanmu ba a sayar da duriyan ɗin da suka fara faɗowa a shekara, dangi ake kai wa, don haka muka ɗauki shida za mu kai wa ƙanin mahaifiyata. Muna isa gaban kasuwa motar ta durƙusa ba tare da kowa ya taɓa maɓalli ba, kuma ta ƙi tashi. Na kashe na kunna, na karanta duk abin da na haddace, tana nan a ƙasa. Na kira janwe. Rana ta take, janwe bai zo ba, tsohuwa kuma ta ƙi fita. Can ta ce, "Tunda ta zauna, mu ma mu zauna. Miƙo min wuƙa." Ba zan ɓoye wa ofishinka komai ba, Yallaɓai: an fasa duriyan uku a cikin motar, gilasai a rufe, na'urar sanyi a kunne. Direban janwe da ya iso shi ma ya samu rabonsa.

3. A ranar Litinin, 23 ga Yuni, manajan garejin kamfanin, Encik Shamsuri bin Latip, ya buɗe ƙofar motar, ya ja da baya da sauri har ya taka wani bakanike. Bai leƙa ƙarƙashinta ba, bai jona ta da kwamfuta ba. Nan take ya yanke cewa da motar nake jigilar kayan gona zuwa kasuwa, kuma garantinsu bai shafi motar kasuwanci ba. Ya ce jakunkunan iskar da ke ɗaga motar sun fashe, famfon da ke hura su ya ƙone, gyara ringgit dubu arba'in da ɗaya, daga aljihuna. Na ce masa ina da a-kori-kura biyu don aikin gona, wace mahaukaciya ce za ta loda kaya masu ƙaya a kan kujerun fata? Ya kira ni Mak Cik, wato inna, ya ce, "Ni dai hancina bai taɓa yi min ƙarya ba." Na ce, "Ɗana, hancinka gaskiya ya faɗa, an ci duriyan a ciki. Amma hanci ba sikeli ba ne." Ya yi dariya, na yi dariya, ya buga hatimin soke garanti.

4. Tun ranar motata na can ƙarshen filin garejin ita kaɗai, kusa da bola, gilasai a buɗe. Na aika da ganyen fandan mai ƙamshi da gawayi da garin kofi don su janye ƙamshin. An karɓa an gode, amma ba a taɓa motar ba.

5. Abin da ya fi damuna shi ne mahaifiyata. Ba ta iya hawa a-kori-kura. Sau ɗaya jikokinta suka ɗaga ta a kujerar roba za su saka ta gaba, ta ce su sauke ta, ita ba buhun taki ba ce. Ta rasa karatun mata na ranar Juma'a, inda ake ajiye mata wuri a sahun gaba. Ta rasa ganin likitan gwiwa. Kullum da safe kafin ta tambayi lafiyata sai ta tambayi ta motar: "Yarinyar nan ta tashi kuwa?" Matar da ta saba zagaye gari tana gyara wa mutane zama, yanzu tana baranda tana gyara mana namu daga safe har yamma. Duk gidan mun matsu ta samu mota.

6. A ranar Laraba, 9 ga Yuli, bayan na dame shi da waya, Encik Shamsuri ya zo gonata da kansa don ya ga a-kori-kurar da na ce ina da su. Ya zo a motar kamfanin, irin tawa sak, wadda suke ba masu saye su ɗana, da sunan kamfani a jikin ƙofa. Ya ga motocin biyu, ya ɗauki hotonsu, sannan ya ce abin da aka buga wa hatimi ba ya gogewa. To, Yallaɓai, ka san ba a shiga gona a lokacin duriyan a fita hannu sake. Mai karanta mitar wuta ma muna ba shi. Mahaifiyata ta sa aka kira shi baranda, ta ce, "Kai ne mai hancin? Zauna." Ya zauna. Ya ci ɗaya, ya ce ya ƙoshi, ya ci na biyu. Da zai tafi ta sa aka ɗauko masa huɗu. Ya ce a'a sau biyu, a na uku ya zura ƙafa ƙarƙashin but, ƙofa ta buɗe, ya jera su da hannunsa. Ya rufe gilasai, ya kunna sanyi, ya kama hanyar Kuala Lumpur da rana tsaka.

Ba na zarginsa da karɓar toshiyar baki. An ba shi ne bayan ya riga ya ƙi ni, kuma har yau yana kan bakansa. Yaro ne mai ladabi, ya sumbaci hannun tsohuwa kafin ya tafi. Abin da nake nuni kawai shi ne, a bisa ma'aunin kamfanin kansa, motarsu ta zama motar jigilar kayan gona tun ranar Laraba. Na kira reshen washegari a matsayin mai saye, aka tabbatar min tana nan da cikakken garantinta.

Saboda haka nake roƙon ofishinka mai daraja:

(a) Ya tura jami'i mai lafiyayyen hanci ya shinshina motocin biyu a rana ɗaya. Idan ƙamshi na soke garanti, a soke duka biyun. Idan ba ya sokewa, a mayar min da nawa.

(b) Ya umarci kamfanin ya gyara motata a kan kuɗinsa, kuma a rubuta cewa lalacewar ta faru tun 21 ga Yuni, kada a ja ni har 31 ga wata ta wuce a ce garanti ya mutu da kansa.

(c) Kafin a gama gyaran, kamfanin ya ara min mota mai durƙusawa, domin likita ya sake ba mahaifiyata ranar 24 ga Yuli. Ba sai sun wahalar da kansu wajen zaɓe ba. Wadda Encik Shamsuri ya zo da ita ta wadatar. Na ji an ce tun ranar Alhamis babu mai sayen da ya yarda ya shiga cikinta, mu kuwa a gidanmu babu wanda zai ji komai.

Na haɗa da kwafin takardar garanti da ta kuɗin gyaran da aka yanka min. Ina godiya da lokacin da ka ba wannan takarda. Allah ya ƙara girma, ya raba ka da motar da za ta durƙusa maka a gaban kasuwa.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

Hajiya Rosnani binti Mat Jusoh