Shekara Arba'in Ina Amsa Sunan Yayana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah ka ɓoye sunana, duk da dai ko ka bayyana shi ba nawa ka bayyana ba, kuma matsalar da ta kawo ni kenan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin wani ya rubuto min "ka yi haƙuri", domin haƙurin nan shekara arba'in da 'yan kai ina yin sa, ya ishe ni. Sunayen da zan ambata duk na aro ne, ni kuwa dama na ƙware a amsa sunan aro.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Disina, amma a Azare nake aikin gwamnati, nan na yi aure, nan na hayayyafa. Sunana na yanka Salihu, a gida ana ce min Sale. Yayana da nake bi sunansa Haruna, mu Hamma muke ce masa, aji ɗaya ya ba ni a firamare. Farkon shekarun tamanin ya zauna jarrabawar shiga sakandare, wadda muke kira kwaman, ya ci, takarda ta zo an ba shi makarantar kwana. A daidai wannan daminar mahaifinmu, Baffa, ya sayi garmar shanu, ga ciwon baya ya fara kama shi, duk gidan Hamma ne kaɗai zai iya riƙe ta. Ni kuwa ɗan siriri ne, yau lafiya gobe masassara, ko fartanya aka miƙo min sai an tausaya min. Sai Baffa ya je wajen hedimasta suka shirya, aka ɓamɓare hoton Hamma a jikin takarda aka manna nawa. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya tambayi Hamma. Baffa ya ce min kawai daga yau in an kira Haruna Adamu in amsa. A wancan zamanin ba a kanmu aka fara ba, gurbin na gida ne, ba a barin sa ya tafi a banza.

Satina na farko a makaranta sau uku ana zane ni saboda an kira suna ina tsaye ina kallon malami, na manta ni ake nufi. Ku duba fa, a gidanmu ko da wasa ban isa in kira sunan Hamma da bakina ba, Inna za ta doke min baki, amma ga ni ina rubuta shi a bangon kowane littafi, ina amsa shi safe da yamma. In na dawo hutu kuma Hamma ya tare ni a bakin gona yana dariya, ya ce yaya karatuna, ina fata ba ka zubar min da mutunci ba. Mutane su yi ta dariya, ni ma in yi, amma Allah ya sani ba ta kai ciki ba. Haka na gama sakandare, na ƙara karatu, na sami aiki a Azare, kowace takarda Haruna Adamu.

Abin da ya fara tunzura ni sosai ranar ɗaurin aurena ne, farkon shekarun casa'in. Abokan ofis ne suka buga kati, suka sa Haruna, don shi suka sani. Da liman ya tambayi sunan ango, 'yan ofis suka ce Haruna, dangi suka ce Salihu, wuri ya ɗan rikice. Maimakon Hamma ya gyara magana, shi da yake babba, sai ya ɗaga murya ya ce ai in da Haruna aka ɗaura, to a wuce da amarya ƙauye, ɗakinsa a share yake. A gaban surukaina ya faɗi wannan. Har yau akwai wani kawun matata da in ya gan ni sai ya tambaye ni wane ne daga ciki. Sun ce wasa ne, to ni ban taɓa jin inda wa yake irin wannan wasan da matar ƙaninsa ba.

Na haɗiye. Aka haifi 'yata ta fari, Maryam, ta isa shiga makaranta, na kai ta da kaina. Malamin da ke rajista ya tambayi sunan uba, na buɗe baki zan ce Salihu, sai na tuna duk takardar da za ta nema nan gaba da nawa za a haɗa, dole su zo ɗaya. Da hannuna na rubuta Maryam Haruna. Ranar ko abincin rana ban ci ba. Da labarin ya isa ƙauye, Hamma ya shiga gaya wa mutane ai 'ya'yansa na birni sun fara boko, duk sallah in mun je sai ya kira ta ya ce ta faɗi cikakken sunanta a gaban jama'a, ta faɗa, ya kalle ni ya yi murmushi.

Akwai wani abokin aikina, Mista Bitrus, mutumin kudancin Bauchi, teburinsa na kusa da nawa, shi kaɗai na taɓa gaya wa gaskiya. Shi ya ce min abin ba wuya, a je kotu a buga takardar rantsuwa, afidabit, in ce ni da aka sani da suna kaza daga yau a kira ni kaza, duk takardun baya suna nan daram. In rantse, a buga hatimi, sannan a sa sanarwa a jarida, in kai kwafi ofis a saka a fayil. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in kawo zancen wanda ya zauna jarrabawa, don in wannan ya fito aikin ma zai iya tafiya. Ya raka ni da kansa. Aka buga a tafireta, na karanta, karon farko a rayuwata na ga Salihu Adamu a takardar hukuma. Wallahi sai da na fita waje na share ido. Na rantse, aka buga hatimi, ya rage jarida kawai.

Ashe wani ɗan garinmu da ya zo nasa sha'anin a harabar kotun ya gan ni, ya tambayi abin da ya kawo ni, ni kuma da farin ciki ya ɗebe ni na gaya masa. Ran kasuwa sai ga Hamma a ofishinmu, da ƙurar hanya a ƙafarsa, ko gida bai biya ba. Ya ƙi shiga, ya tsaya gindin dalbejiya inda masinjoji ke zama ya aika a kira ni. Na fito, na durƙusa zan gaishe shi, bai amsa ba. Abin da ya faɗa har yau ina iya maimaita shi:

"Sale, ka ci karatuna ban yi magana ba, ka ci aikina ban yi magana ba. Sunan nan shi kaɗai ne rabona a ciki, shi ma za ka tuɓe ka yar kamar tsumma?"

Na ce masa Hamma ni na roƙa? Ni na je wajen hedimasta? Ya ce bai sani ba, amma in na kuskura na kai jarida, shi ma ya san hanyar kotun, zai je ya gaya wa alƙali wanda ya zauna kwaman, a kawo mu gaban allo a tambaye mu lambar jarrabawa a ga wanda ya haddace. Kuma ya faɗi lambar nan take, tiryan-tiryan, bayan shekara goma sha wani abu. Masinjoji na ji. Mista Bitrus ne ya fito ya janye ni, don da na faɗi abin da ke bakina da yanzu ba wannan shawarar nake nema ba.

Bayan kwana biyu Baffa ya aiko a kira ni. Na tafi da ƙarfina ina ganin shi da ya ƙulla abin shi zai warware. Na same shi a kwance, lokacin ciwon ya ci ƙarfinsa. Bai bar ni na yi bayani ba, ya ce muddin Haruna na numfashi, in na taɓa sunan nan bai yafe min ba. Na ce Baffa, ragon da ka yanka min fa, da wane suna ka yanka shi? Ya juya fuskarsa bango. Shekarar ba ta ƙare ba ya rasu, ya bar ni da wannan magana a wuya. Na ninke afidabit ɗin na saka a ƙasan akwati, na ci gaba da sa hannu da sunan wani. 'Ya'ya shida na haifa, duk Haruna suke amsawa.

Tun daga ranar tsakanina da Hamma sai gaisuwa. Ban yanke zumunci ba, hidimar gidansa ban taɓa ja da baya ba, amma hira ta ƙare. Abu ɗaya ne bai fasa ba, duk sanda ya ji an yi min ƙarin girma sai ya aiko a ba shi kwafin takardar. Ni na ɗauka neman magana ne, yana so ya tuna min a inuwar wa nake zaune, sai in aika masa don kada a ce na yi rowa, ina aikawa ina tsaki.

Watan jiya Allah ya yi wa Hamma rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, wannan na faɗa da zuciya ɗaya. Amma ku ji abin da sunan nan ya ƙara ja min. Aka sanar Haruna Adamu na wajen Disina ya rasu, kafin in dawo daga jana'iza tsofaffin abokan aiki sun cika ƙofar gidana a Azare suna yi wa matata ta'aziyya. Mista Bitrus da ya daɗe da yin ritaya ya bugo mata waya yana kuka, sai a tsakiyar kukan ya tuna mu biyu ne. Na sauko daga mota na tarar ana yi min addu'ar samun rahama, wani har ja da baya ya yi da ya gan ni. Ina raye na ji yadda za a yi zaman makokina, kuma ko a nan ba a ambaci Salihu ba.

Ranar sadakar bakwai matar Hamma ta kira ni ɗaki ta miƙo min wata tsohuwar jakar fata. A ciki akwai takardar kwaman ta asali da hoton nan nasa da aka ɓamɓare, yaro da kunnuwa fato-fato, ashe ya tsince shi ya ajiye. Ƙarƙashinsu duk takardun ƙarin girman da na riƙa aika masa ne, a jere, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta ce in damina ta wuce aiki ya yi sauƙi yakan fito da su ya karanta, wani lokaci ya ce mata kin ga inda na kai yanzu. Sannan ta ba ni saƙon da ya bari kwana biyu kafin ya cika:

"Ki ce wa Sale na sake shi, ya je ya karɓi sunansa. Alfarma ɗaya nake roƙo, ya bari takardar ritaya ta fito tukuna, a ce dai Haruna ya gama aikinsa lafiya."

Jama'a, ritayata saura wata biyar. Ni kuma duk shekarun nan abin da nake riƙe da shi a raina kenan, ko wata ɗaya ne in zauna a kujerar nan a kira ni Malam Salihu, takardar ƙarshe ta fito da sunan da ubana ya raɗa min, in nuna wa jikokina. Sharaɗin Baffa ya faɗi, tunda Hamma ba ya numfashi. Babban ɗana ya ce a sake sabuwar rantsuwa, waccan ta tsufa, yanzu abin ba ya ɗaukar lokaci. Matata ta ce in bari, mamaci ya roƙa, kuma kada a je gyaran gira a rasa ido a rikita takardun fansho. Ni kuwa haushi nake ji, haushi mai tsanani. Ina jin haushin Baffa da ya raba mana rayuwa ɗaya mu biyu, kowa ya tashi da rabi. Ina jin haushin Hamma da bai taɓa zaunar da ni ya gaya min abin da takardun nan suke a wajensa ba, sai gatse da dariya a gaban mutane, sai da ya tabbatar ba zan iya ba shi amsa ba sannan ya yi min magana mai laushi. Ko a kabari sai ya juya ni. Kuma ina jin haushin kaina, da tun da na buɗe jakar nan na kasa ɗauko afidabit ɗina daga akwati.

Jiya a ofis na ɗauki biro na juya bayan wata takarda, na ce bari in gwada sa hannu da Salihu Adamu. Sau huɗu ina farawa hannuna na zarcewa da na Hamma.

To ku gaya min tsakaninku da Allah, malamai da masu shekaru a cikinku. Roƙon mamaci irin wannan dole ne a cika shi? In na je kotu gobe na ci amanarsa, ko haƙƙina na karɓa? In kuma na bar masa wannan takarda ta ƙarshe, shi ya yi makaranta, shi ya yi aiki, shi ya haifi 'ya'yana, shi ya yi ritaya, to ni Sale me na yi a duniya?