Injin Baba ya tashi

Garwa, Laraba bayan isha'i

Yau tsohon injin kankare katako na Baba ya tashi. Shekara da shekaru yana kwance a bayan shago, kaji har ƙwai suke yi a ƙarƙashinsa. Sati uku na yi ina wanke tsatsa da gazuwal, wato man dizal, ina wasa wuƙaƙensa, hannuwana duk sun tsage. Yaya Hamadu ya riga ya ce in Juma'a ta wuce bai yi aiki ba, masu sayen tsohon ƙarfe za su kwashe shi.

Da la'asar na sa masa katakon maɗaci, ya fito sumul. Ban yarda da idona ba, sai na ɗauka na kai wa Baba gida. Ba ya gani yanzu, amma ya ce a miƙo masa auduga. Haka yake gwada aiki tun muna yara: ya ja ta a kan katako, in zare ɗaya ya maƙale, a sake.

Ya ja sau uku, a hankali. Ni kuwa ina tsugune, ina kallon audugar. Babu abin da ya maƙale.

Ya ce, "Wa ya ɗaura maka wuƙaƙen?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Bai yaba ba, dama ba halinsa ba ne. Ya dai sa audugar a aljihu, ya ce, "Gobe ka zo ka kai ni shagon, in ji kukan injin."