Abincin Maigida Ba Ya Zama A Buɗe

Zuwa ga Hajiya Saude, Maman Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake iya aika wa wanda ya riga shi tafiya, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, makwancinki ya yalwata. In kin tambayi lafiyata, da sauƙi. Gwiwar ce dai yadda kika bar ta, sai abin da ya ƙaru.

Na san ba ke za ki karanta wannan ba. Masu karantawa su ne mutanen da ke bibiyata a shafin nan, waɗanda yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Su karanta. Da ke nake.

Ina rubuto miki ne daga wani tsohon gida a Greenwich, a nan London, kusa da kogi, irin wanda ake biya a kwana, da safe masu gidan su ba ka karin kumallo. Ba otal ba ne, don matar gidan a ciki take zaune, ita ma ta buɗe mini ƙofa da kanta. Ummi ce ta yi mini booking na kwana biyu, wai kyauta ce, in je in huta. Hutun me? Tun da na ajiye tuƙin bas ba abin da nake yi sai hutu. Gaskiyar magana, kora ta aka yi cikin ladabi.

Gidanmu na Barking zan bari, Hajiya. Hawa benen ya gagare ni, ƙaramar hukumarmu, council, sun ba ni ƙaramin flat a ƙasa, ɗaki ɗaya da falo, kuma kayanki ba za su shiga ba. Ummi da ƙanenta Nura sun sha zuwa da kwalaye da baƙaƙen ledoji, ni kuma in tsaya a bakin ƙofar ɗakinki in ce a bari sai wani satin. To, wannan karon sun yi dabara. Sun kawar da tsoho don su yi aikinsu.

Ranar da zan taho Ummi ta tambaye ni ko akwai abin da nake so a ware mini. Fushi ya sa na ce su yi yadda suka ga dama. Alhali akwai abu guda. Kwanon nan naki mai murfi, fari mai jan fure, wanda kike zuba mini abinci a ciki. Maganar ta zo har bakina na haɗiye. Namiji da furfura ya buɗe baki ya roƙi 'yarsa kwano? Ga shi fentinsa ya ɓare a baki, murfin ya lotsa. Ko shagon da ake kai tsofaffin kaya sadaka ba za su karɓa ba. Na san inda irinsa yake ƙarewa, kuma da wannan tunanin na shigo jirgin ƙasa.

Da kin ga gidan nan da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Ƙofar ɗakin gajera ce kamar ta zauren gidanmu na Zariya, da shigata na ƙume goshi. Daɓen katakon a karkace yake, na ajiye carbi a kan teburi ya fara tafiya da kansa. Sai gadon. Hajiya, gado mai rumfa ne. Irin wanda aka yi wa yayarki da za ta yi aure, wanda daga baya aka ce ƙauyanci ne aka fitar da shi tsakar gida kaji suna hawa. Shi ne a nan ake yi wa labule da zanin gado mai santsi, mutane su taso daga wata ƙasa su biya kuɗi mai ciwo don su kwana a kai.

Matar gidan, wata dattijuwar Baturiya mai sanyin murya, ta zagaya da ni. Ta ce gidan na wani matuƙin jirgin ruwa ne tun zamanin da, ga agogonsa, ga kujerarsa, ga kofunan shayin matarsa a cikin gilashi, ɗaya ma ya tsage an ɗinke shi da ƙarfe. Ta ce ba abin da aka taɓa zubarwa. Na so in tambaye ta abin da jirgin nasa yake ɗaukowa, kuma daga wace ƙasa, amma na bar wa cikina. Matar ba ta yi mini komai ba sai alheri. Har ta ce Ummi ta gargaɗe ta kan naman alade, in kwantar da hankalina.

Hoton mutumin yana rataye a ɗakina, daidai gabas. Da zan yi la'asar sai da na yafa masa tawul. Bayan na sallame na zauna ina kallon kayansa, raina yana tafasa. Tsagaggen kofin matarsa tarihi ne, ana kulle shi a gilashi. Kwanon matata tarkace ne, yana jiran baƙar leda. Ita ma mutuwa ashe tana da 'yan gata.

Kin tuna yadda kwanon ya zo ƙasar nan? A cikin zaninki kika naɗe shi, kika cusa a jakar hannu. Na ce miki shekara biyu kawai za mu yi in gama karatu mu koma, kuma a London ba a rasa kwano. Kika ce na ji, amma wannan Inna ce ta saya. Karatun bai ƙare yadda aka so ba, shekara biyun ta haifi 'ya'ya da jikoki, komawar ba ta yiwu ba. Kwanon dai bai fasa aikinsa ba.

Ko me aka ci a gidan, nawa a ciki yake zuwa. Tuwo, shinkafa, har ranar da kika gaji aka sayo kifi da dankali a takarda, sai da kika juye nawa kika rufe. Yara suna dariya, wai abin da za a ci yanzu me ya kai shi murfi. Amsarki ɗaya ce kullum: abincin maigida ba ya zama a buɗe. Nura ya taɓa saka shi a microwave, na'urar ɗumama abinci, wuta ta yi ta tartsatsi. Ban taɓa ganin kin bi yaro da muciya ba sai ranar.

In na dawo daga tuƙi, wani fasinja ya zage ni, wani ya ce in koma inda na fito, ƙafata ta kumbura, ba na gaya miki. Ina zama in ɗaga murfin, tururi ya bugi fuskata. A garin nan duka, wannan ne kaɗai wurin da ake jira na.

Tun da kika tafi ban ci a cikinsa ba. Yana saman firji. A tsaye nake ci, a cikin robar da abincin ya zo, ba don sauri ba.

Jiya da safe na sauko ɗakin cin abinci. Kowane teburi mutum biyu ne, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a wurin makoki. Nawa yana jikin taga, an ɗauke kujera ɗaya don kada ta tsaya mini a ido, sai rashinta ya fi tsayawa. Wata mata baƙa, mai matsakaicin shekaru, ta ajiye mini faranti a rufe da murfin azurfa. Na daɗe ban taɓa shi ba. Rabon da a kawo mini abinci a rufe, ke kika san ranar. Da na ɗaga, ƙwai ne da kifi mai hayaƙi, tururin ya taso, na yi bisimilla a fili ban sani ba.

Matar ta juyo ta ce, "Alhaji, kana ji Hausa?" Adiza sunanta, 'yar zangon Kumasi, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Kai kaɗai? Matanka bai zo ba?" Na ce kin rasu. Ta ce Allah ya jiƙan shi. Na ce amin, ban gyara mata ba, na san Allah ya gane wadda ake nufi. Ta shiga ciki ta dawo da wata 'yar ƙaramar kwalba a ɓoye cikin hannun riga, barkonon nan nasu na Gana, ta ɗiga mini a gefen faranti. Wai abincin gidan nan ko jariri ba zai yi kuka ba.

Na nuna mata gilashin kofunan, na ce dubi yadda mutanen nan suke girmama matattunsu. Ta ja tsaki. "Girmama? Ni ne ina goge shi kullum. Mai shi ya mutu ya huta, ya bar ma Adiza aiki. Ni na gaya ma yarana, in na mutu a raba komai, ko ɗankwali kar a bari." Ta kwashe faranti ta wuce, ana kiranta a wani teburin.

Da rana na fita bakin kogi na zauna a benci. Ruwan yana wucewa kalar kunun kanwa, iska tana shiga ƙashi. Na so in ci gaba da fushina, amma maganar Adiza ta ɓata mini shi. Mu ai ba ma ajiye kayan mamaci. Da Inna ta rasu, kafin wata ya zagayo kin ga zanenta a jikin maƙwabta, kika ce kowane zani yana yi mata addu'a yana tafiya. Malam ya gaya mini tun kwanakin zaman makoki cewa kayanki haƙƙin magada ne, a raba. Na ce to, na rufe ɗaki. Ashe duk zagin da nake yi wa Turawa, ni na zama Bature, na mayar da ɗakinki gidan kallo wanda ba mai shiga sai ni. Yaran da nake cewa ba su san al'ada ba, su suke yin abin da ya dace. Bai sa na daina jin haushinsu ba, amma gaskiya ɗaya ce.

Sauran na haƙura, Hajiya. Atamfofin da kika tara don ranar komawa gida, akwatunan, sarƙoƙin, duk Allah ya sa su amfani wasu. Kwanon ne na kasa.

Yau da safe, da aka sake ajiye mini faranti a rufe, na ɗauki waya kafin in ɗaga murfin. Ummi ta ɗauka, ina jin ƙarar jan kwalaye a bayanta. Na yi ta kewaye-kewaye, ya aikin, ya yara, Nura ya zo da motar. Ta ce da Turancinta, Baba, faɗi abin da ka kira ka faɗa. Halinki ne sak. Na ce akwai wani kwano a saman firji.

Ta ce shi ta fara ɗaukewa, tun kafin a buɗe leda ko ɗaya, yana cikin jakarta.

Na gyara murya na ce to madalla, ta ajiye mini a sabon wurin. Sai ta ce a'a.

Kin san Ummi tana jin Hausa amma ba ta mayarwa, tun tana firamare. To yau ta mayar, a karkace kamar daɓen gidan nan. Ta ce, "Baba, rabona ne. Na Mama ne, na Inna ne, yanzu nawa." Sauran ta ƙarasa da Turanci. Wai in ta ba ni, saman firji zai koma, ni kuma in ci gaba da ci a tsaye, ta sani don ta sha ganin robobin a shara. In ina so in ci a cikinsa, in zo gidanta a Woolwich ranar Lahadi, kowace Lahadi.

Na ce ke yanzu ni za ki kafa wa sharaɗi? Ta ce e, Baba. Na ce tuwonki duk gudaji ne. Ta ce ta sani, sai in zo in ci da gudajin.

Ban ce mata to ba. Na kashe wayar, na ɗaga murfin, ƙwan ya huce. Adiza ta leƙo ta ce barkonon ne ya sa idona ruwa? Na ce shi ne.

An kusa lokacin da zan miƙa makulli. Na cire wa matuƙin jirgi tawul ɗinsa, na ba shi haƙuri. Daga nan sabon flat zan wuce, inda ba a taɓa jin muryarki ba, ba ƙusa ɗaya da kika taɓa rataya mayafi. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina tsoron shiga. Litinin zuwa Asabar nawa ne ni kaɗai, kuma suna da tsawo. Amma yarinyar ta fi ni gaskiya, kuma ta fi ni hannu a kan kwanon.

Ki yi haƙuri, zan ci tuwon da bai kai naki ba, a cikin kwanonki.

Allah ya jiƙan ki, Saude. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa duk zanin da aka ɗaura cikin naki ya zame miki inuwa. Yadda ba ki taɓa barin abincina a buɗe ba, Allah ya rufa miki asiri ranar da za a buɗe na kowa. Ya shirya mana Ummi da Nura, ya kyautata tamu in ta zo.

Naki, wanda ke jiran Lahadi,
Baban Ummi