Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu: A Sake Duba Tambaya ta Bakwai

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban cibiyarmu ta koyon tafinta da ke Koira Kano, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ni ce Hadiza Abdu, 'yar Damagaram, ɗalibarku da ta shekara biyu tana ƙetare gada daga Kirkissoye don zuwa aji. Maki ɗaya tak ya kayar da ni a jarrabawar ƙarshe, na rasa gurbin horon tafinta a asibiti. Na sha kuka. Amma yau da murna nake rubutu, domin na gano ban yi kuskure ba!

Na ɗaya: tambaya ta bakwai ta ce a fassara "The driver must be in Dosso." Babu jimla gabanta, babu bayanta. Na rubuta "Lalle direban yana Dosso." Aka soke da jan biro, wai amsar ita ce "Dole direban ya kasance a Dosso."

Na biyu: jiya na nuna takardar ga maƙwabciyata Madam Akosuwa, 'yar Gana, tsohuwar malamar Turanci. Tana karantawa ta tafa hannu ta ce, "'Yata, duka biyun daidai ne!" Ashe "must" a bakin ubangidan direba umarni ne, a bakin wanda ya dubi agogo ya auna nisan hanya kuwa, zato ne mai ƙarfi.

Na uku, kuma nan na yi tsalle: Faransanci ma haka yake. Ranar da malaminmu Mushe Isufu bai zo aji ba, da bakinku kuka ce "Il doit être malade," wato lalle ba shi da lafiya. Ranku ya daɗe, ai ba umartarsa kuka yi ya kwanta ciwo ba!

Ku duba, a asibiti in likita ya ce "She must be fasting," ko yana tsammanin tana azumi ne, ko yana hana ta abinci kafin tiyata. Tafintan da ya san fuska ɗaya kaɗai zai cuci maras lafiya.

Don haka ina roƙo a sake duba takardata, da ta duk wanda ya amsa kamar ni, kafin a liƙa sunayen masu horo. A kuma daina kawo irin wannan jimla ita kaɗai.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama da kujerarku lafiya. Ranar Litinin da safe zan zo ofishinku riƙe da takardar, Madam Akosuwa ma ta ce ƙafata ƙafarta.

Wassalam.

Hadiza Abdu, Kirkissoye.