Baba Yana Kan Agogonki

Purranque, watan Afrilu

Zuwa ga Marlene, hasken da ke sauka kan dutsen Osorno bayan an ɗauke ruwa, zumar furen itacen ulmo a bakin mai zazzaɓi, ɗumin murhun itace ga wanda ya shigo a jiƙe, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda. Kin san ban iya irin wannan magana da baki ba. Ko a littafin da nake rubutu kullum, ba abin da ke ciki sai ruwa, iska da maganin Baba. Yau na ce bari in gwada faɗin abin da ke cina, ko da za ki yi mini dariya.

Gwamnati ta mayar mana da agogo baya ranar Asabar, kamar yadda take yi duk shigowar sanyi, ku kuwa can Punta Arenas an bar muku naku yadda yake. Awa ɗaya tak! Wa zai ce awa ɗaya katanga ce? Duk bazara ƙarfe ɗaya na rana tamu ce. Ki fito hutu daga ɗakin wankin asibiti, ni in rufe shagon abincin dabbobi, in zauna kan buhun dusa ina shan muryarki kamar busasshiyar ƙasa da ruwan fari. Yanzu ɗayarki sha biyuna ce. Shago cike da manoma, waya tana rawa a aljihuna kamar tsuntsun da aka kama, ba halin ɗauka. In tawa ɗayar ta yi, kin riga kin koma cikin ƙarar injuna. Da yamma kuma, kafin in gama da Baba kin yi barci. Kwana nawa ke nan, ya sanyin idona, ina jin ki a saƙo kawai?

Shi Baba ba wanda ya gaya wa jikinsa an taɓa agogo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tatsar shanun wasu, ko da hankalinsa ya fara gushewa, lokacin tatsa bai gushe masa ba. Da ma da asuba yake tashi, yanzu kuwa tun asubar ba ta yi ba nake jin sa yana lalubar takalman roba, yana neman bokiti, zai je wurin shanun da aka sayar tun ina saurayi. Na kulle ƙofa, na rataya makulli a wuyana. To wa na kulle, shi ko ni? Barcina ya zama gutsi-gutsi. Jiya na auna wa wani abincin kaji a madadin na maruƙa, ya dube ni ya ce, "Eladio, maraƙin nawa ƙwai kake so ya yi?"

Yamma ta fi tsanani. Duhu yana rufawa tun ina shago, shi kuwa da ya ga rana ta yi ƙasa sai ya fita koro shanu. Shekaranjiya maƙwabciyarmu Doña Uberlinda, wadda ke duba mini shi, a bakin hanyar jirgin ƙasa ta kamo shi. Na tarar da ita tana haki, ta ce, "Ɗan nan, ni ma fa ba yarinya ba ce. Tsohonka ya fi ni gudu. Ko ka nemo mata, ko ka nemo igiya!" Na yi dariya don kada ta ga idona.

Kin tuna wannan agogon ne ya haɗa mu? Safiyar Lahadi ce irin ta bayan canji, ni da ke kaɗai a tashar motar garin Osorno, duk mun manta, mun zo da wuri da awa guda. Ruwa na zuba, ƙofa a rufe, kika matso ƙarƙashin laimata ba tare da kin tambaya ba. Kika ce, "Gwamnati ta ba mu kyautar awa ɗaya, malam. Kai me za ka yi da taka?" Kika sayo mana sopaipilla, fanken nan mai zafi, mai ya ɗiga a rigata, kika goge da bakin gyalenki. Wayyo Marlene! Ashe ba kyauta ba ce, aro ne, ga shi sun zo karɓa daga bakin abin da ya rage mini.

Ban manta abin da kika faɗa a watan jiya ba. Kika ce, "Eladio, sarkin lissafi, ba zan sake cin wani lokacin sanyi ina auren waya ba. Ko ka taho kafin a sake taɓa agogo a Satumba, ko ka sallame ni in san inda na dosa." Na ce zan duba. Kullum zan duba! Kina da gaskiya, ni ma na gaji da kaina. Yayata Gladys daga Santiago ta ce in kai shi gidan tsofaffi in huta. Na je har bakin ƙofar wani, na ga tagoginsa, na juyo. Ba zan iya ba. Ba kuma zan iya rasa ki ba. Tsakanin waɗannan biyun nake kwana, nake tashi, kamar ɗan maraƙi a turke yana zagaya wuri ɗaya.

Sai ga abin da ya faru ranar Lahadi. Agogon kicin ya nuna shida, Baba ya fara buga tebur yana neman shayin yamma. Na ce, "Baba, da saura, sai bakwai." Ya harari bangon ya ce, "Wannan abin ƙarya yake yi, yaro. Cikina ya ce bakwai." Bai rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Ke ce, kin turo hoton kofinki da burodi da man shanu. Bakwai ta yi a wurinki.

Na daɗe a tsaye da buta a hannu. Marlene, Baba yana kan agogonki. Lokacin da kike tashi yake tashi, lokacin da kike shan shayi yake nema. A duk gidan nan ni kaɗai ne na yarda da ƙaryar bango. Ina ta ganin shi ne ya tsare ni daga gare ki, ashe shi ya riga ni isa can.

To ga abin da na kasa tambaya duk wannan lokaci, don tsoron amsarki. Za ki karɓe mu mu biyu? Ba zan yi miki ado da maganar ba. Yana jiƙa shimfiɗa. Wata rana zai kira ki da sunan mahaifiyata, wata rana ya kore ki daga ɗakinki. Iskar garinku ma ban san ko zai jure ta ba. Ni kaina ban tabbata ina da ikon roƙon wannan ba, sau da yawa na ajiye alƙalami kafin in kai nan. Amma in kika ce to, zan sallami shagon, in tattara magungunansa da takalman robarsa, mu hau jirgin sama tun kafin Satumba. In kika ce a'a, ba zan ga laifinki ba, furen dajina, ko sau ɗaya. Abin da nake roƙo kawai, ki faɗa mini da muryarki, kada ki rubuto.

Ɗazu na hau kujera na mayar da agogon kicin kan lokacinki. Baba yana kallona, ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu ka yi hankali." Gobe da ƙarfe ɗayarki zan bar manoma su jira, in fita bayan shago in ɗauki wayar.

Naki a agogon bazara, naki a agogon sanyi, naki ko wace amsa kika bayar,

Eladio