Perina Tana Gefen Hagu

Port Lincoln, 2 ga Mayu, 1988

Zuwa ga 'yata Nevenka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki na asibiti. Ni dai ƙalau, ban da gwiwar nan da ke riga rediyo sanar da ni zuwan ruwan sama. Lokacin kamun kifin tuna ya wuce, an ɗaure jirage, aikinmu yanzu zama a bakin tasha muna ɗinkin taru muna shara wa juna ƙarya. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san ina aji huɗu malaminmu ya ce teku ta fi shi buƙatata.

Neva, fim ɗinmu ya fito a kaset. Bepo mai gyaran rediyon jirgi ne ya gani a jaridar mutanen ƙasarmu da ke nan Ostareliya, ya taho a guje har hularsa ta faɗa ruwa. Wai akwai shi can wurinku Adelaide, a kantin da ake sayar da faifan waƙoƙin gida. Don Allah ki nemo mini.

Na san kin ji labarin har kin gaji, amma takarda ba ta da bakin cewa "Baba, ka taɓa faɗa," don haka sai ki daure. A 1961 masu fim suka sauka a tsibirinmu, za su yi labarin iyayenmu masunta, yadda lokacin yaƙi suka riƙa ɓoye 'yan sari-ka-noƙe a ƙarƙashin tarun kama kifin sadin suna ƙetarewa da su ta gaban jiragen 'yan mamaya. Gari duka aka ɗauka, har jakin fada, limamin cocinmu. Ni na zaci bindiga za a ba ni. Daraktan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan fuskar ta gawa ce." Sau uku na mutu a fim ɗin nan: sau ɗaya a ruwa, sau ɗaya cikin kayan abokan gaba, na ukun kuma aka ɗora ni a kan ƙyauren ɗaki aka yi mini jana'iza a gaban coci.

A nan rigima ta tashi. Darakta yana so a jera kyawawan 'yan mata a bayan gawa. Tsofaffin mata suka ce ba a taɓa yi ba. Bayan gawa wurin matan aure ne masu baƙin kallabi, 'yan mata kuwa da farin kallabi suke tsayawa, can jikin bango ta hagu. Kakarki ta ce masa, "Yaro, kai ka san kyamara, mu mun san mutuwa." Dole ya haƙura. Uwarki Perina ce ta biyar a layin, ta ƙarshe. Abin da ya faru ina kwance a kan ƙyauren nan kuwa, wannan tsakanina da ita ne.

Kafin fim ya fito mun riga mun yi aure mun hau jirgin Ostareliya. Ban taɓa ganinsa ba. Goggonki Tonka ce ta gani a silima a birni, ta rubuto cewa Perina ta cika gefen hagu, ta kai tsawon gida, iska na wasa da kallabinta.

Ki riƙa cin abinci. Ki huta lafiya.

Babanki, gawa mai ritaya,
Frane

*

Adelaide, 11 ga Mayu

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ka riƙa shafa maganin da na aiko, ba na ajiya ba ne.

Ga kaset ɗin nan. Guda biyu suka rage a kantin. Ban buɗe ba, kai ya kamata ka fara ganin Mama.

Amma Baba, kai ne fa ka ce mini wani kifi ya taɓa dawo maka da agogonka yana aiki. Ina da shekara uku Mama ta rasu. Abin da na sani na fuskarta shi ne hoton fasfo, wanda hatimi ya cinye rabinsa, rabin da ya rage kuma tana harara. Idan wannan ma irin labarin agogon ne, ka gaya mini tun yanzu. Ba zan yi fushi ba. Ba na dai son in sa rai.

'Yarka,
Nevenka

*

Port Lincoln, 17 ga Mayu

Malama Nas,

Ina gaishe ki. Saƙo ya iso, Allah ya yi miki albarka. Maganar agogo kuma gaskiya ce, sai dai ba ya aiki.

Ran Lahadi da aka taso daga coci muka hallara a falon Bepo, tunda shi ke da na'urar. Mutum goma sha ɗaya, duk 'yan tsibiri ɗaya. Matarsa ta gasa kifi ta zuba masa man zaitun, ba wanda ya taɓa.

Neva, ban san yadda zan rubuta miki ba. Tekunmu ce ta fito, ba launi, fari da baƙi, kamar yadda take zuwa mini idan na ɗan kishingiɗa bayan abincin rana. Ga itacen ɓauren da ke bakin rijiya. Ga matakalar da na fasa haƙori a kai. Sai ga kakanki yana jan igiya da wannan kafaɗar tasa karkatacciya, mutumin da aka binne ina nan ina kamun tuna. Matattun garinmu duka sun taso suna ta kai da kawo, ba su san sun mutu ba. Matar Bepo tana ta kiran sunayensu a hankali, kamar mai gaishe su. Ina rantsuwa na ji ƙanshin kwaltar da muke liƙe kwalekwale da ita.

Da na mutu mutuwar farko aka tafa mini. A ta biyu Bepo ya ce, "Kai Frane, ko mutuwa ba ka iya ba, dubi ƙafarka tana motsi!" Na ce ai kaguwa ce ta kama ni, kuma ban ga tasa mutuwar ba balle in koya.

Sai jana'iza. Ga ƙyauren, ga ni kwance a kai kusa da gefe, ga baƙaƙen kallabi a baya. Na kai ido hagu. Yarinya ɗaya, biyu, da rabin ta uku. Shi ke nan. Daga nan sai katakon talabijin.

Na ce Bepo ya murɗa wani abu. Ya ce ba abin murɗawa. Wai allon silima dogo ne kamar tebur, talabijin kuwa akwati ne, don haka masu yin kaset sukan datse dama da hagu su bar tsakiya, inda manyan 'yan wasa suke. Da kakarki ta bar darakta ya yi yadda yake so, da uwarki tana tsakiya.

Kin san abin da ubanki ya yi? Tashi na yi na manna kuncina a gilashin, ina leƙen hagu kamar mai leƙen taga, ko zan hango ta a ciki. Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, har da ƙari, na ce ai ta saba ɓoye mini. Daga nan na zare wayar daga bango na ce kifi zai huce.

Yanzu ga gaskiyar da kika nema. Tana cikin fim ɗin, ban yi miki ƙarya ba. Ƙaryar da na yi ita ce da nake ce miki ina ganinta kullum. Ya fi shekara biyar fuskarta ta daina zuwa. Muryarta tana nan, tafiyarta tana nan. Idan na yi mafarkinta tana tsaye a kan dutse tana shanya taru, in kira ta, ta fara juyowa, sai in farka. Na zaci kaset ɗin nan zai ƙarasa juyo mini da ita.

Na mayar miki da shi. Ki ajiye ko ki kyautar. Kada ki damu da ni, mutumin da ya mutu sau uku ba abin da zai same shi.

Babanki,
Frane

*

Adelaide, 25 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu a ɗakin shan shayi, sai da na fita waje.

Jiya ba ni da aiki, na ari na'urar maƙwabciyata na kalla tun daga farko. Gaskiyarka, an yanke ta. Amma ka yi saurin zare waya.

Bayan fada ya gama addu'a kyamara ta matso kanka. Baba, gawar ta buɗe ido ɗaya. Na hagu. Tana kallon wani abu a waje da akwatin, kuma ban taɓa ganin ka kalli komai haka ba. Sai wani hannu ya shigo daga gefe, hannun mace, da tabo a gindin babban yatsa. Ya sauka a goshinka, ya shafo idon ya rufe. Bai tafi nan da nan ba. Ya ɗan tsaya a kuncinka, sa'an nan ya koma.

Na mayar da wurin baya har sai da maƙwabciyar ta ce zan tsinka kaset ɗin. Yatsun gajeru ne irin nawa.

Nata ne? Wannan karon kada ka yi wasa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Neva

*

Port Lincoln, 30 ga Mayu

Neva,

Ina gaishe ki. Nata ne. Wuƙar gyaran sadin ce ta yi tabon.

Daraktan ya yi ihu ranar da ta bar layi ta zo kaina, aka sake ɗauka, na zaci ya zubar da wancan. A garinmu matar mutum ce kaɗai take rufe masa ido. Tsofaffi suka yi ta tsokanarta cewa ta fara aikin aure ta ƙarshensa. Ta ce ita dai ba ta son a ɓata fim ne. Da ta rasu, ni na rufe nata, na daɗe ina jin an cuce ni, tunda ba wanda zai yi mini. Ashe ta riga ta yi tun da wuri.

Ɗazu da hantsi na kwanta a kan bencin tasha na rufe ido yadda ta bar shi. Hannun ya zo, da sanyinsa da ƙanshin gishiri. Ban buɗe ba. Sai ga ta ta juyo. Dariya take dannewa, Neva, kuma haƙorinta ɗaya na gaba ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Na manta da wannan.

Ki taho da kaset ɗin ran Asabar. Ke ki kalli hannun, ni in gaya miki sauran.

Babanki,
Frane