Tauraron Ɗiyata Ba Tsarabar Biro Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Babban Baƙo na bikin lise, makarantar sakandaren su ɗiyata a Tasawa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na sakaya sunanka don ganin girman furfurarka, amma ka san kanka.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Gidan Amumune. Ɗiyata Rakiya da ƴan ajinsu da mushensu, malamin kimiyya, suka ƙera ɗan tauraron ɗan'adam, bai fi gwangwanin madara ba. Aikinsa auna ƙarfin hasken rana, in balan-balan ta ɗaga shi sama ranar gasar ɗalibai da ke tafe. Ni ban san kan abin ba. Abin da na sani, hutun bana yarinyar nan ko biki ɗaya ba ta leƙa ba, yatsunta duk tabon ƙunar dalma. Ɗan panon da ke kansa ma, farantin da ke zuƙo hasken rana, daga fitilar ɗakina ta cire shi, muka koma lalube da cocila.

Ga kukana.

Na ɗaya. Ranar bikin ka ɗauki abin nan, ka jujjuya shi, ka ce ya yi kyau. Shugaban makaranta, baki har kunne, ya ce ai naka ne. Haba, ranka ya daɗe! Wa bai san wannan magana ba a ƙasar nan? In baƙo ya yaba rigata na ce tashi ce, godiya zai yi, ya ce Allah ya bar zumunci, rigata tana jikina. Kai kuwa sai ka miƙa wa direba ya kai mota. Aka ɗauki tafi. Rakiya ma ta tafa, hawaye na zuba, don an ce su tafa.

Na biyu. Shugaban makaranta mai kyautar nan ko waya ɗaya bai ɗaura a jikin abin ba. Na same shi, ya ce karɓe kyauta daga hannun babba abin kunya ne. Kunya! Ashe akwai ta a Tasawa, ranar bikin ne kawai ta tafi kasuwa.

Na uku. Na bar aikina na hau moto har bironka, wato ofishinka. Planto mai tsaron ƙofa ya ce kana taro. Da aka buɗe ƙofa na hango tauraron a kan tebur, labule a sauke, an ɗora kofin shayi a kan panon. Na fito na tofar da yawu, na kama hanya ko ruwa ban sha ba.

A jawabinka ka ce yaran karkara su ɗaga kai su dubi sama. To sun ɗaga, aka ɗauke abin da ke hannunsu. Tir!

Roƙona ka maido shi kafin gasar. Lokacin ƙera wani ya ƙure, kuma ba ni da wata fitilar da za a ɓalle. Ba sai an tara mutane ba. Ka ba planto, ni zan zo in ɗauka, ba kuma zan ce uffan ba.

Na tambayi Rakiya abin da take so in rubuta maka. Na zaci za ta ce a maido mata kayanta. Ina! Ta riga ta fid da rai. Cewa ta yi in roƙe ka, don Allah, a sauke kofin, a riƙa ajiye shi bakin taga da hantsi, don batirinsa na mutuwa in bai ga rana ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma. Allah ya ba ka ƴaƴa masu hazaƙa irin tawa, ya kuma tsare maka su daga manyan baƙi.

Wassalam.

Baban Rakiya,
Gidan Amumune.